Shok ɗin bonet: ƙaramin ƙarfen da ake maye gurbinsa da icce a tarakta

Idan ka taɓa tsayawa kusa da tarakta kafin a fita huɗa, wataƙila ka ga yaron direba ya ɗaga bonet, ya tokare da guntun icce, sannan ya cusa kai yana duba ruwan lagireto. Iccen nan yana tsaye ne a madadin wani ƙarfe da ya mutu, wanda ake kira shok ɗin bonet. Kai ma ka san shi, irinsa ne ke riƙe but ɗin mota idan an buɗe.

Cikinsa iskar naitirojin ce da aka matse, da ɗan mai kaɗan, sai wani siririn ƙarfe mai sheƙi da ke shiga yana fita ta tsakiyar roba. Robar nan ita ce ransa. Ƙurar gona ta manne a jikin ƙarfen, ta riƙa cin robar, iskar ta sulale a hankali. Shi ya sa ba ya mutuwa rana ɗaya. Da farko bonet zai fara nauyi a hannu, daga baya ya riƙa saukowa da kansa. Sanyi kuma yana rage masa ƙarfi, don haka wanda ya riƙe da tsakar rana a watan Afrilu zai iya sakin bonet da asubar hunturu.

Rotse kai ko matse yatsu shi ne haɗarin da kowa ke gani. Ni abin da ya fi damuna shi ne, da zarar buɗe bonet ya zama wahala, sai a daina buɗewa. Ciyayi su toshe lagireto, matatar iska ta cika da ƙura, injin ya ɗauki zafi a farkon damina, lokacin da manoma ke layi suna jiran huɗa. In kai ne ke tuƙin, kuɗin ranar ya tafi ke nan.

To, in za ka saya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna, tafi da tsohon a hannunka. Duba jikinsa, akwai lamba mai harafin N a ƙarshe, ita ce ƙarfinsa: 400N yana tura kusan kilo 40. Ka kuma gwada tsawonsa a miƙe, daga tsakiyar kai zuwa tsakiyar kai. Kada mai shago ya ce maka “wannan ya ma fi ƙarfi” ka yarda. Wanda ya wuce kima yana lanƙwasa maƙalin bonet, ko ya hana shi rufuwa. Idan biyu ne a jikin taraktar, canza su tare. Na gwanjo kuwa, ka danna shi da hannu. In ya shige ba gardama, bar musu kayansu.

Wajen ɗaurawa, wani ya riƙe maka bonet. Siririn ƙarfen ya kalli ƙasa idan an rufe, don man ya zauna a kan robar. Kada ka kama shi da filaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta kashe sabo.

Tsohon da ka cire, ko ya mutu akwai sauran iska a matse cikinsa. Kada a yanka shi, kada a sa masa walda ko a jefa shi wuta. In za ka ba ’yan gwangwan, ka gaya musu haka.