Ɗan jatan landen da ake sakawa a tankin ruwan gishiri don ya ceci murjani

Masu kiwon kifin ado da murjani a tankin gilashi na ruwan gishiri, musamman a Amurka da Turai inda harkar ta yi ƙarfi, suna da wani baƙo da ba sa maraba da shi. Sunansa Aiptasia, wata 'yar halittar teku ce mai launin ruwan ƙasa wadda in ka gan ta sai ka ɗauka fure ne ya tsiro a jikin dutse.

Sai dai dabba ce, 'yar uwar murjani, kuma hannuwanta sirara suna ɗauke da ƙwayoyin dafi. Idan ta zauna kusa da murjani takan yi ta harbinsa har ya tsuke, ya daina girma, wani lokacin ma ya mutu. Murjanin da aka saya da tsada, aka shafe shekaru ana renonsa, yana iya lalacewa a dalilinta.

Yawanci tana shigowa ne a ɓoye cikin ramukan duwatsun da ake ɗebowa daga teku don ƙawata tanki, ko kuma a gindin sabon murjanin da aka sayo.

Me ya sa take da wuyar kashewa?

Abin da ke ba masu kiwo ciwon kai shi ne yadda take yaɗuwa. Idan tana matsawa a kan dutse takan bar ƙananan gutsattsarin gindinta a baya, kowane gutsure kuma sai ya zama sabuwar halitta. Don haka wanda ya sa wuƙa ya kankare ta, sau da yawa shuka ta ya yi bai sani ba.

Yunwa ma ba ta saurin kashe ta, domin akwai ƙwayoyin gansakuka a cikin jikinta da ke sarrafa mata abinci daga haske. Fitilun da aka kunna wa murjani ita ma suna ciyar da ita.

Wasu kan yi mata allurar ruwan lemon tsami ko ruwan farar ƙasa da sirinji. Dabarar tana aiki a kan wadda ido ya gani, amma da an taɓa ta sai ta shige rami, kuma sirinji ba ya kaiwa bayan dutse.

Aikin dare

A nan ne ake neman taimakon wani ɗan jatan lande daga dangin Lysmata, wanda tsawonsa bai cika wuce santimita 5 ba. Jikinsa garai-garai ne, da jajayen layuka. Da rana yakan ɓuya, da dare ya fito kiwo, yana kutsawa cikin lungunan da hannun mutum ba ya isa, yana cinye Aiptasia.

Amma masu kiwo sun daɗe suna gardama a kansa. Wani ya ce ya share masa tanki tas, wani ya ce nasa ko kallonta bai yi ba.

Wani ɓangare na amsar ya fito ne a shekarar 2006, lokacin da masana biyu a jihar Florida ta Amurka, Andrew Rhyne da Junda Lin, suka nuna cewa abin da aka daɗe ana kira Lysmata wurdemanni ba nau'i ɗaya ba ne. Sun bayyana sababbin nau'o'i huɗu, ciki har da Lysmata boggessi, wanda ake kamawa a gaɓar Florida kuma ya yi suna wajen cin Aiptasia. Ke nan shaguna sun jima suna sayar da dabbobi daban-daban da suna ɗaya.

Akwai kuma wani jatan landen mai tozo a baya kamar raƙumi, Rhynchocinetes durbanensis, da akan rikita su. Shi wannan murjani mai laushi yake ci. Kama da wane ba ta wane, in ji Hausawa, kuma wanda ya yi kuskuren sayensa ya ƙara wa kansa matsala.

Sharuɗɗan nasara

Ko an dace da nau'in da ya kamata, sai an kiyaye wasu abubuwa. Na farko, ƙananan Aiptasia ya fi ci, manyan kuwa yakan kauce musu. Shi ya sa ake fara kashe manyan da allura, a bar masa ƙananan da masu sake tsirowa.

Na biyu, idan abincin kifi ya wadata a tankin, ba zai wahalar da kansa da abu mai dafi ba. Masu kiwo kan rage abincin da suke zubawa na ɗan lokaci. Idan kuma Aiptasia ta ƙare, wajibi ne a riƙa ciyar da shi, don mai jin yunwa yakan fizge abinci daga bakin murjani, har ya ji masa rauni.

Na uku, a duba maƙwabtansa. Akwai kifaye masu farauta da za su haɗiye shi tun bai fara aiki ba. Magungunan kifi masu sinadarin jan ƙarfe suna kashe shi, haka ma canjin gishirin ruwa farat ɗaya, shi ya sa ake saba masa da sabon ruwa sannu a hankali kafin a sake shi.

Ba shi kaɗai ake amfani da shi ba. Akwai wata 'yar dodon-koɗin teku marar ƙwanso, Berghia stephanieae, wadda ba ta cin komai sai Aiptasia, amma da ta gama aikin yunwa ke kashe ta.

Duk da haka, gogaggun masu kiwo sun fi dogara da rigakafi: su keɓe duk sabon dutse ko murjani a wani ƙaramin tanki na wasu makonni, su haska shi da tocila da dare, kafin su bar shi ya shiga cikin sauran.