Rabon Ruwan Kogin Haɗeja Tsakanin Birnin Kano da Mutanen Fadama

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa ja-in-jar da ke tsakanin birnin Kano da ƙauyukan fadamar Haɗeja da Nguru ta shafi yawan ruwa, ta kuma shafi lokacin da ake sakinsa.

Kogin Kano da Kogin Calawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke malala cikin wannan fadama. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta Calawa kuwa, a ƙasar Ƙaraye, sai a 1992. Daga kogunan nan biyu ne gidajen ruwa na Calawa da Tamburawa ke jawo ruwan famfon birni, Tiga kuma ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa.

Bukatar birni ita ce ruwa ya zo kullum ba yankewa, rani da damina. Fadama kuwa ambaliya take bukata wajen watan Agusta da Satumba, sa'an nan ruwa ya janye. Da wannan cika da janyewa ne manomi ke samun shinkafa, masunci ya sami kifi, makiyayi ya sami ciyawar rani, rijiyoyi su cika. To, aikin madatsa shi ne ta riƙe ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Saboda haka ambaliya ta ragu, hanyoyin ruwa suka daina bushewa, kacalla ta toshe su. Wasu gonaki suka nutse, wasu suka ƙone da fari.

Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa, in aka gwada amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa, fadama ta fi gonakin Kadawa riba.

A shekarar 2006 jihohi shida da wannan ruwa ya shafa suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe. Amma kuɗi kaɗai ba sa raba gardama. Tun da ba a iya hana birni sha, wajibi ne a tsara sakin ruwa mai yawa daga madatsun lokacin damina, a rage na rani zuwa gwargwadon bukata, a kuma zauna da manoma da masunta da makiyaya kafin a tsai da ranakun sakin.