Faranti ya kwana fayau, amma hantsar akuya na nan a kumbure

A ɗakin gwajin cututtukan dabbobi, aikin kumburin hantsa yana farawa ne da yamma. A ɗebi ɗigon madara, a shafa shi a farantin da aka zuba abincin ƙwayoyin cuta mai haɗe da jinin tunkiya, a sa a akwatin ɗumi a digiri 37, a jira awa 18 zuwa 24. Da safe ana sa ran ganin ɗigo-ɗigon bakteriya. Sau da yawa kuma sai a tarar da farantin fayau. Mai akuya ya ji an ce "ba a ga komai ba", ya ɗauka an wanke dabbarsa, alhali jar akuyar da ke ɗaure a gida a unguwar Zariya ko Tibiri har yanzu tana harbi in ɗanta ya zo shan nono.

Abu na farko da ya kamata a tambaya shi ne allura. Kafin makiyayi ya nemi ma'aikacin dabbobi, galibi ya riga ya sayo oksitetrasiklin a kasuwa ya yi wa dabbar. Wanda ake kira mai dogon aiki yana ɗaukar kwanaki yana fita cikin madara. Masu bincike da ke dasa wa E. coli sabon gado suna amfani da wannan dabarar da gangan: su zuba ampisilin cikin abincin, duk ƙwayar da ba ta karɓi gadon juriya ba ta mutu cikin dare. Madarar akuyar da aka yi wa allura shekaranjiya haka take, ta zo da maganinta a ciki. Cutar ba ta warke ba, ta dai kasa tsira a faranti. Shi ya sa a ganina tambayar "me kuka ba ta, yaushe?" ta fi kowace na'ura amfani, kuma a yi ta ba da faɗa ba, don wanda aka tsawata wa ba ya faɗin gaskiya. In so samu ne, a tatsi samfurin kafin a ba da magani, ko da ba ranar za a kai shi ba.

Sai hanya. A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40. Kwalbar da aka ɗauko daga Jiratawa cikin aljihu, a kan babur, ba ta isa yadda ta taso: ko ƙwayar da ake nema ta mutu, ko ƙwayoyin datti su rufe ta, don E. coli na iya ninka kanta cikin minti 20 in ta samu ɗumi. Samfurin da za a tura LABOCEL a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, ba ya tafiya sai cikin ƙanƙara. In zai wuce kwana biyu a daskarar da shi. Staphylococcus yana jure daskarewa, E. coli kuwa tana raguwa. A kuma bar alkol ɗin da aka goge kan nono da shi ya bushe kafin a tatsa.

Wani laifin na ɗakin gwajin ne. In wuta ta ɗauke da tsakar dare, akwatin ɗumi ya huce lokacin hunturu, awa 18 ba ta cika ba, sai a ƙara kwana. Iskar hunturu kuma tana busar da faranti har ya tsage. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: kowane dare a shafa wata ƙwaya da aka sani a faranti guda. In ita ma ba ta tsiro ba, kada a zargi samfurin.

Akwai kuma waɗanda dare ɗaya bai taɓa isar su ba. Brucella, mai sa ɓari, tana bukatar kwana 3 ko fiye. Ƙwayar ciwon huhun shanu tana son abinci na musamman da kwanaki, ta tarin fuka kuwa makonni. In ɓari ne ya sa aka kawo samfurin, a rubuta haka a jikin kwalbar, don Brucella tana kama mutum, kuma ma'aikacin da zai buɗe ta yana bukatar sani tun kafin ya cire murfin.