Idan wayarka ta mutu a ƙasar waje, wa iyalinka za su kira?

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, inda ɗaliban Najeriya da dama ke karatu. Wuta ta ɗauke, intanet ya riƙa yankewa, iyaye a gida suka kwana suna kiran layukan da ba sa shiga. Wasu ɗaliban sun shafe kwanaki a iyakar Masar kafin a kwaso su daga Aswan.

Matafiya da yawa da WhatsApp kaɗai suka dogara, alhali ko a Dubai kiransa ba ya aiki. Kafin ka tafi, bar wa mutanen gida lambar abokin zamanka, da ta ofishin jakadanci, da kwafin fasfo. Lambobinsu kuma ka rubuta a takarda, don batir na iya ƙarewa. Idan data ta ƙi, saƙon tes yakan wuce.