Wa ke riƙe da ikon tsaro a Gwantu?

Idan rikici ya ɓarke a Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, gwamnatin Kaduna ce ke sanya dokar hana fita, amma 'yan sandan da ke tabbatar da ita na Tarayya ne.

Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya tak ga ƙasa. Sashe na 215 ya amince gwamna ya umarci kwamishinan 'yan sanda, sai dai kwamishinan na iya neman a miƙa batun ga Shugaban Ƙasa tukuna.

Wannan giɓi ne hujjar masu neman 'yan sandan jihohi. Masu adawa kuwa na fargabar gwamnoni su murƙushe 'yan hamayya da su.