Daga Mushen Daji Zuwa Tumbin Mayanka: Yadda Cimar Manyan Tsuntsaye Ke Sauyawa

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Shanu, raƙuma da tumaki na kwararowa daga Nijar, mahauta kuma ba sa zama tun hantsi. A da, duk inda aka kwantar da dabba a irin wannan rana akwai masu jira a kan katanga da rassan bishiya: ungulaye, sun sunkuyar da sanƙon kai suna dakon a zubar da tumbi. Yau a mayankar Maigatari ko ta Gumel, sai mutum ya yi sa'a kafin ya ga ko guda. Yara da yawa a Gagarawa da Sule Tankarkar a karin magana kawai suka san ta.

Asalin cimar ungulu mushen daji ne: barewa, gada, da duk abin da kura ta rage. Da gonaki suka cinye dajin, namun suka ƙare, sai ta koma bin garken makiyaya. Farin 1973 da na 1984, da annobar shanu ta 1983, sun bar mata mushe birjik a faɗin Sahel. Ƙaramar ungulun gari kuwa ta daɗe da tarewa kusa da mutum, tana cin jini, hanji da sharar kasuwa. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma shekara da shekaru jewarta a kan mayanka take.

Irin wannan sauyi an bi sawunsa dalla-dalla a wani wuri mai nisa, tsibiran da ke gaɓar Kalifoniya a Amurka. Can akwai gaggafa mai farin kai, wadda ke jikin tambarin ƙasar. A tsibirin San Migel masana sun tono wata tsohuwar sheƙa cike da dubban ƙasusuwan abin da tsuntsayen suka ci, suka kuma auna sinadaran da ke cikin ƙashi da gashin gaggafar kanta. Sakamakon da suka fitar a 2010 ya nuna cewa shekaru dubbai tsuntsayen teku da kifi ne abincinta. Daga wajen 1850, da aka shigo da tumaki tsibiran, sai mushen tumaki ya shiga cimarta, ya zauna kusan shekara 100.

Sai kuma guba. Wani kamfani kusa da Los Anjelis ya yi ta zubar da dattin maganin ƙwari na DDT a teku. Kifi ya ɗauka, tsuntsu ya ci kifi, ɓawon ƙwan gaggafa ya riƙa yin laushi yana fashewa kafin ƙyanƙyasa. Kafin 1960 ta ɓace daga tsibiran. An hana DDT a 1972, aka fara dawo da tsuntsayen a 1980, amma sai a 2006 aka ga ɗan da ya ƙyanƙyashe da kansa a tsibirin Santa Kurus. Ta dawo ta tarar an kwashe tumakin, ga mushen dabbobin teku masu ɗauke da ragowar gubar.

A nan gida kuwa ƙirga aka yi. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar, Mali da Burkina Faso tsakanin 1969 da 1973 yana lissafa abin da ya gani, ya sake bi a 2003 da 2004. Manyan ungulaye, irin su mikiya, sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun dajin gwamnati. A 2015 aka sa ungulun gari ma cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Rashin abinci na daga cikin dalilai, don yanzu kusan komai na dabba kuɗi ne: fata, ƙaho, ƙashi, har jini. Dabbar da ta kasa tafiya ana yi mata wuƙa kafin ta zama mushe. Sai dai babban abin da ya gama da ungulu shi ne sabon da ta yi da mutane. Tsuntsun da ba ya gudu yana da sauƙin kamawa, kai da ƙafafunsa kuma suna da tsada a wajen masu haɗa maganin tsibbu, daga Kano har kasuwannin kudu. Da ɗan nama mai guba ake kashe garke guda. A Gini Bisau an rasa sama da 2,000 ta wannan hanya a 2020 kaɗai.

Shirwa ta fi wayo a wannan fanni. Ba ta jingina da abu ɗaya ba: ta ci fara, ta ci shinge idan ruwan farko ya sauka, ta suri ɗan tsako, ta fizgi nama daga tiren mai talla. Shi ya sa har yanzu tana shawagi a kan Gumel. Amma ba ta iya cinye mataccen jaki a yini ɗaya, don haka aikin ya faɗa hannun karnuka da ƙudaje. A Indiya, inda maganin dabbobi na diklofenak ya kashe fiye da kashi 95 na ungulaye kafin a hana shi a 2006, karnukan titi sun ƙaru, cizon mahaukacin kare ma ya ƙaru.