Ladubban Binciken Ƙwaƙwalwa da Ciwon Mantuwa

Tun daga 1906, lokacin da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana cutar da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har mutum ya manta 'ya'yansa, masana suke neman maganinta, amma binciken ya zo da tambaya mai nauyi: wa zai ba da izinin gwada sabon magani a kan dattijon da hankalinsa ya fara gushewa? Irin wannan tambaya ce ke gaban fagen ladubban binciken ƙwaƙwalwa, wanda ya bunƙasa a jami'o'i bayan wani taro da aka yi a kansa a San Faransisko a 2002, fagen da likita da masanin falsafa da lauya suke aiki tare a cikinsa, kuma daidai ne da suke nanata cewa sa hannun dangi ba ya soke ƙin da majinyaci ya nuna, ko da da janye hannu ne.